Ma'aunina da Tiyar Inna

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Ban tauye ma kowa ba. Da wannan zan fara, don in wata rana na buɗe takardar ga in san inda na tsaya. Ni Hamida ban tauye ma kowa ko ƙwayar gero ɗaya ba.

Tun jiya wani bokal, saƙon murya, ke yawo a wayoyin 'yan Kurfey da ke zaune Yamai, yau kuma ya faɗo cikin gurup ɗina na WhatsApp, Kwandon Kurfey, inda nake saida masu surfaffen gero, garin kunu, gumba, kuka da wake daga nan Filinge. Gurup ɗin da na gina da bakina, mutum ɗaya bayan ɗaya. Wai na daina yi ma mutane gyara, wai awona tauyayye ne. Kafin in gama alwalar azahar an fara fita. Har wadda na daka ma gumbar bikin ƙanwarta ruwa na dukana ta fita, ko sallama babu.

Na san muryar. Sau ɗaya na saurara, ban ƙara ba, kuma ba zan rubuta ko ta wa ce ba.

Laifina dai shi ne farkon damina na aje tiya na sayi ma'auni. Kwach Abdurrazak, mai koyarwa direk, wato kai tsaye ta bidiyo, kowace Alhamis kan kasuwancin waya, shi ya ce mai saye daga nesa ba ya ganin hannunki, to ki ba shi abin da zai duba da kanshi: awo ɗaya, leda rufaffiya, suna da lamba a jiki. Na ga gaskiyarshi. Da can ƙulle-ƙulle nake aikawa, a hanya a kwance, ƙasa ta shiga, wagga ta ce na waccan ya fi nata. Sai na cika tiya har ta yi tsororo, na zuba gyaran da ake yi bisa, na ƙara wani kuma, na auna duka na ce wannan shi ne leda ɗaya. Gyaran yana ciki. Yana ciki, jama'a!

Inna ta dawo daga kasuwa da tiyarta bisa kai. Tun kafin ta haife ni take awon gero a rumfa ɗaya. Na yi mata sannu da zuwa daga bakin ƙofar ɗakina, ban tashi na sauke ta ba.

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Wasu kuma sun fita. Su fita.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Hajiya Ummul ta kira ni. Ita ce shugabar ƙungiyar matan Kurfey a Yamai, kuma ita ta shigo da rabin mutanen gurup ɗin nan. Kowace kaka, in sabon gero ya shigo, ƙungiya na haɗa komand, wato odar kaya, ɗaya babba ta gidajensu duka, kuma bara ni anka ba. Da ita na biya masu daka, da ita na sayi ma'aunin ma.

Mun gaisa, ta tambayi maigidana can Kwatano, ta tambayi ƙafar Inna. Sannan ta ce, "Ɗiyata, ranar Asabar ta ƙarshen wata muna da taro. Can za a yanke ko ke za a ba komand ɗin bana ko wani mutum na Tabla da ya kawo samfuri."

Na ce, "Hajiya, kin taɓa buɗe ledata kinka ga ta kasa?"

Ta ce, "Ban ce kin yi ba. Amma wadda ta faɗa, ban taɓa jin ta yi ƙarya ba tun ina yarinya."

Na ce Allah ya kai mu. Ina kashe waya na jefa ta bisa katifa har ta yi tsalle. In ƙungiya ta juya mani baya, ba komand kaɗai ta tafi ba. Sunan ne zai zauna mani: Hamida mai tauye mudu. A garin nan har jikokina sai an kira su da shi.

Laraba, 8 ga Oktoba, da almuru

An aje mani kwanon tuwo bakin ƙofa kamar kullum, da ƙanzon gindin tukunya bisa, don Inna ta san tun ina 'yar mitsitsiya ba ni da abin so kamar ƙanzo. Na ci ƙanzon, na maida tuwon.

Tana tsakar gida tana gyaran kuɓewa, tana 'yar waƙarta, kamar ba abin da ya faru. Wallahi in na ƙara jin waƙar nan sai na fasa wani abu.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Na hau bisa buhunan gero inda reso ɗin waya ya fi kamawa na saurari Kwach. Yau maganar amana ya yi, kamar wanda anka ba labarina. Mutumin ya iya magana, ba ƙarya. Shina zaune da farar riga, shina nuna mu da yatsa ta waya, shina cewa, "'Yar'uwa, ranar da anka fara zaginki ranar ce anka fara ganinki. Tashi ki tsaya!" Sai da na ji tsikar jikina ta tashi.

Na rubuta mashi a ƙasa cewa ana faɗin awona bai cika ba. Cikin mutane masu yawa ya karanta nawa. Ya ce, "Hamida ta Filinge, kada ki yi gardama, kada ki yi rantsuwa. Ki nuna. Ɗauki bidiyo, ki zuba ledarki cikin tiyar da sunka sani, idonsu ya gaya masu."

To, haka za a yi. Ya ce Hamida ta Filinge, duniya na ji. Na sauko daga bisa buhu ina jin kamar na ƙara tsawo.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da safe

Tiyar da sunka sani tana rataye a ɗakin Inna. Na je har bakin ƙofa na dawo. Ba zan roƙa ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, da hantsi

Latifa maƙwabciyata, wadda ke taya ni surfe da ɗurin leda, ta kawo tiyar gidansu. Ita ta riƙe waya. Na shimfiɗa farin zane, na nuna leda gaba da baya, na yanke bakinta da reza, na zuba. Tiya ta cika, ta yi tsororo, gero ya riƙa gangarowa bisa zane, kuma ga saura cikin leda. Na ɗaga sauran na girgiza shi gaban waya na ce, "Ga tauyewar. Ku duba da kyau."

Latifa ta ce, "Ke Hamida, ki ɗan yi murmushi mana, kamar za ki ci mutum."

Na ce ba murmushi nake saidawa ba. Munka tura shi gurup. Yau na ci tuwona duka.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan azahar

An kalla. Kowa ya kalla, ina ganin alamar. Wasu sun ce masha Allah, wata ta turo hoton tafi. Sai Muna, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, kuma ban taɓa samun matsala da ita ba, ta yi bokal a hankali ta ce, "Yaya Hamida, mun gani, ya cika. To amma ina gyara?"

Ina gyara! Gero na zuba ƙasa gaban idonta tana tambayata ina gyara! Na yi mata bokal mai tsawo, na goge. Na sake wani, na goge. Daga ƙarshe na rubuta: yana ciki. Ba wanda ya amsa.

Hajiya Ummul ta kalla ita ma, ba ta ce uffan ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, da safe

Babu komand ko ɗaya.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Latifa ta tambaye ni ko su zo daka gobe, ita da sauran matan. Na ce su huta tukuna. Ta tsaya tana murza bakin zanenta, na san abin da ke ranta, yaranta sun koma lakkol, ga kuɗin makaranta. Buhunan sabon geron da na sayo daga manoman Damana na jingine a zaure suna kallona. Da na wuce sai in shafa ɗaya, ban san dalili ba.

Ban tauye ma kowa ba. Na faɗa ma buhunan ma.

Laraba, 15 ga Oktoba, da almuru

Na gaji da kewaye-kewaye. Muryar Inna ce.

Ƙanwarta, Iya Hasana da ke Yamai, ita Inna ta yi ma bokal ɗin. Ni na koya ma Inna danna wurin nan da yatsa ta yi magana, ni da hannuna! Tana tsammani da 'yar'uwarta kaɗai take hira. Iya Hasana kuwa bakinta da yatsanta ba su san hutu ba, ta kunna shi a wurin wani suna, wata ta ce turo mani, shi ke nan.

Yau na tare ta tana kwashe tuwo. Na ce, "Inna, kin san abin da maganarki ta yi mani?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wace daga ciki? Maganganuna yawa gare su."

Na kunna mata. Muryarta ta cika gidan: "Hasana, Hamida ta ɗauke hannunta daga awo. Ba ta yi ma kowa gyara. Awo babu gyara tauyewa ne, ko mi ƙarhen nan nata ya ce."

Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai kamar wa'azi anka sa mata. Ta ce, "I, ni ce. Ashe haka muryata take."

Na ce, "Duk Yamai ta ji! Mutane sun gudu, Hajiya Ummul na shirin ba wani komand, ana ce mani mai tauye mudu!"

Nan ta ɗago, na ga abin ya taɓa ta. Ta ce, "Ban aika ma Yamai ba, Hasana na aika ma. Wannan tsakanina da ita ne, za ta ji ni." Sannan ta ce, "Amma abin da na hwaɗa, na hwaɗa."

Na ce gyaran yana cikin leda, na auna shi, ya ma fi nata. Ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da kwashe tuwonta. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Na shiga ɗaki na yi kuka na haushi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwach ya yi magana kan yadda ake ɗaukar hoton kaya da hasken safe. Na saurari rabi, reso ya ɗauke, ban nemi wani wuri ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan azahar

Iya Hasana ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa, da alama Inna ta wanke ta tas. Ta ce ita wallahi ba da mugunta ba, kuma ta samo mafita. Ta yi magana da Hajiya Ummul, Hajiya ta ce in Inna ta janye maganar da bakinta, zance ya ƙare.

Na ce, "Iya, kin san yayarki. Ta taɓa janye magana?"

Ta ce, "To ke ki yi bokal. Ki ce tsohuwa ce, kwana biyun nan kanta na ɗan rikicewa, ba ta san abin da take faɗi ba. Kowa na da tsohuwa a gida, za su gane. Ni zan shaida."

Na ɗauke wayar daga kunnena na dube ta. Inna da ke riƙe da sunan kowa da na uwarshi daga nan har Bonkuku, Inna da ba a taɓa kuskure mata canji ba, ita zan tsaya gaban mutane in ce ta rikice? Don buhun gero?

Na ce, "Iya Hasana, in kinka ƙara faɗin wagga magana, ko a mafarki, ni da ke har abada." Ta ce daga taimako? Na kashe.

Latifa da ke zaune ta ji komi. Ta ce a hankali, "Da dai kin yi tunani. Magana ɗaya ce, Inna ma ba za ta ji ba." Na ce Inna ma haka ta zata, cewa ba wanda zai ji. Ba zan ce uwata ta rikice ba, kuma ba zan ce na tauye ba. Duk wanda ke jiran ɗaya daga cikin biyun nan ya nemi inuwa ya zauna.

Asabar, 18 ga Oktoba, da almuru

An aje kwano bakin ƙofa. Na buɗe. Tuwo ya fi na kullum yawa, malmala har tana taɓa marfi, miya ta ji man shanu.

Babu ƙanzo.

Na ɗaga malmalar na duba ƙasa. Na duba cikin marfi. Kamar wata sakarya har na leƙa ƙasa ko ya faɗi. Na leƙa tsakar gida, ga Inna zaune ta ba ni baya, ga ƙanzon a faifai kusa da ita, tana ɓantara tana jefa ma kaji.

Tuwon ya ishi mutum biyu. Na kasa kai loma ɗaya baki.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da asuba

Na san abin da take nufi. Ba yarinya ba ce ni. Kuma wannan mugunta ce, in ana son gaskiya.

Lahadi, bayan la'asar

Na shiga kasuwa sayen leda. Hanyar ba ta bi ta rumfar Inna ba, amma ƙafata ta bi. Na laɓe bayan rumfar mai tabarmi ina kallo, ni da gidanmu ɗaya da matar.

Wata 'yar Bonkuku da goyo ta zo. Inna ta cika mata tiya, ta juye a buhu. Matar ko kallon tiyar ba ta yi ba, hankalinta na wajen 'yar ƙwaryar da Inna ke ajewa gefen ƙafarta. Inna ta sa hannu ta ɗebo gero ta watsa bisa, sannan ta ƙulla 'yar kanwa a tsumma ta ce, "Ki dama kunu, na ga nonon bai ishe shi ba." Wani tsoho ya zo, shi kuma barkono ta ƙara mashi, ta ce ya gaida mai ɗakinshi, ta ji an ce ta tashi daga ciwo. Gyaran da ta yi ma su biyun in an haɗa bai kai rabin abin da nake ƙarawa a leda ɗaya ba. Amma sun tafi suna waiwaye suna sa mata albarka.

Tun ina goye nake ganin wannan. Ban ce ta yi gaskiya ba, awona cikakke ne. Na dai tsaya har mai tabarmi ya ce, "Malama, saye ko gadi?"

Litinin, 20 ga Oktoba, da almuru

Babu ƙanzo. Kajin gidan nan har sun fara ƙiba.

Talata, 21 ga Oktoba, da hantsi

Muna ta turo komand, leda biyu na garin kunu. Ita kaɗai cikin makon. Na auna, na rufe, na manna suna. Sai na tsaya da ledar a hannu na kasa sa ta a kwali.

Mai jego ce. Na ɗauko kanwa da yaji na ƙulla a 'yar leda daban, na ɗora bisa. Na cire. Na maida. Na ce ma kaina wannan ba janye magana ba ne, kyauta ce, kuma ina da ikon yi ma wanda na ga dama kyauta da kayana. Na kai tasha da kaina, na ɗauki hoton kwalin a hannun direba kamar yadda Kwach ya koya mana, na tura mata.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Muna ta yi bokal, jariri na kuka a bayanta. Ko zancen garin ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya Hamida, wa ya gaya maki kanwata ta ƙare? Tun da na haihu a garin nan ba wanda ya tuna da ni haka."

Kanwar da ba ta kai komi ba! Wata huɗu ina zuba masu gero fiye da haƙƙinsu ba wanda ya ce sannu. Mutane dai sai Allah. Na saurari bokal ɗin sau da yawa, ba don komi ba, don in ji ko akwai habaici a ciki. Babu.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwach ya ce duk mai sana'a ta koyi fitowa direk da kanta, mutane su ga fuskarta da inda take aiki. Ya ce, "Muryarki na rawa? Bari ta yi rawa, ki ci gaba." Wannan ya shige ni.

Na rubuta ma Hajiya Ummul cewa ranar Asabar, in sun zauna taro, ina roƙon ta kunna waya ta aza gabansu, zan kira da bidiyo. Ba zan ba da haƙuri ba, ba zan kawo kowa ya janye komi ba, aikina kawai za su gani. Ta amsa da kalma ɗaya: to.

Matsalar ita ce ni sunayensu da lambobinsu na sani. Wacce ke da ciwon suga, wacce mijinta ba ya cin wake, wacce ɗiyar wa ce a Tabla, ban sani ba. Wadda ta sani tana ɗakin da ke kallon nawa, kuma ba zan tambaye ta ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da almuru

Na share tsakar gida, na wanke ma'auni. Inna na kallo. Na ce ma Latifa da ƙarfi, yadda bango ma zai ji, gobe bayan azahar zan yi ma matan Yamai direk. Ba da kowa nake ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan la'asar



Latifa ta riƙe waya. Ga su can cikin allo, falon Hajiya cike, mayafai kala-kala, Iya Hasana ta maƙale a kusurwa. Na yi sallama, muryata ta yi rawa, na bar ta. Na ce, "Ni ce Hamida da kunka ji labari. Ga ma'aunina, ban aje shi ba kuma ba zan aje ba, don shi ke hana a ce na wance ya fi na wance. Ku kalla." Na auna gero, na ɗura, na rufe, na manna suna.

Sai na ji jan takalmi a bayana. Inna ce, da ƙafarta mai ciwo, da 'yar ƙwaryarta ta kasuwa a hammata. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi waya ba. Ta zauna bakin tabarma tana nishi. Latifa ta zaro ido, na yi mata alama kada ta motsa.

Inna ta ɗauki ledar ta jinjina ta a hannu. Ta ce ma Latifa, "Miƙo mani tiyata." Latifa ta jingine waya jikin buhu ta ɗauko mata daga ɗaki. Ta yage ledar da haƙori, ta juye, tiya ta yi tsororo, gero ya zubo mata bisa zane. Ta dubi sauran da ke leda, ta taɓe baki ta ce, "Ya hi nawa. Wagga ɗiya ɓarna gare ta."

Wata ta fashe da dariya can Yamai.

Inna ta ce, "Ɗura wata. Ta wa ce?"

Na ce, "Ta Hajiya Ummul."

Ta sa hannu a ƙwarya ta ɗauko daddawar batso, ta ƙulla, ta ɗora bisa ledar. Sai a nan ta dubi waya ta ce, "Ummulu, uwarki ba ta cin tuwo sai da batso. Ranar da za ta rasu ma shi ta tambaya. Ke ma na san ba ki bari ba, duk da Yamai."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ga kafaɗunta na motsi.

Daga nan ban san yadda anka yi ba. Ina aunawa ina rufewa ina kiran suna, Inna na ƙullawa. Wagga kuka, don surukarta ta zo. Waccan tsamiya, don duk gidansu da zafin ciki. Ana ta turo kai gaban waya ana "Inna, ni fa? Kin gane ni?" Ta gane kowa. Da Iya Hasana ta matso, Inna ta ce, "Ke babu gyara," falo ya kwashe da shewa.

Hajiya ta share ido ta ce, "Inna, to kin janye maganarki?"

Inna ta ce, "Ban janye komi ba."

Hajiya ta ce, "Ke fa, Hamida?"

Na ce, "Ni ma haka, Hajiya."

Ta ce, "Allah ya shirye ku, ku biyun," sai reso ya ɗauke. Ban san abin da sunka yanke ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da hantsi

Komand ta zo. Ba duka ba, wasu gidaje sun riga sun yi ma mutumin Tabla alkawari, kuma waɗanda sunka fita da yawa ba su dawo ba. Oho. Hajiya ta ce a auna da ma'auni, a ɗora ƙulli daban bisa kowace leda. Na aika ma Latifa su zo daka gobe da sassafe.

Yau da Inna za ta tafi kasuwa na ɗora mata kaya. Ta ce, "Daga gobe ki zauna kusa da ni in ana ƙulli, ki riƙe wa ya haihi wa. Ba kullum nike nan ba." Na ce ina da aiki. Ta ce ta sani. Zan zauna.

Ban tauye ma kowa ba. Wannan na nan yadda na rubuta shi.

Lahadi, da almuru

An aje kwano bakin ƙofa. Na daɗe ina kallonshi kafin in buɗe. Tuwon ɗan kaɗan ne, ko rabin na kwanakin nan bai kai ba.

Ƙanzo na bisa, da zafinshi.

Na ɗauki kwanon na fita na zauna kusa da ita. Ta kori kajin.